Nafaj ɗin Yayata

Ni mai walda ne a kasuwar Gadarif, kuma a kan aikina ba na jin maganar kowa. Wannan halin ne ya sa na toshe wa yayata ƙofar da take tsira da ranta ta ciki, ina ta washe baki wai gyara na yi mata.

Ɗakin girkinta ya daɗe yana ba ni haushi. Buhunan dawa a ƙasa ɓeraye na shagali, tukwane a kife kan juna, kaskon kisra, wainarmu ta dawa, a jingine inda kowa zai yi tuntuɓe da shi. Da damina ta faɗi, mijinta ya tafi Gadambaliya tuƙin tarakta a manyan gonaki, sai na ɗauki abin awona na je. Na tsara komai a kaina: buhuna a kan ƙarfe, taƙi biyu daga ƙasa saboda danshi, tukwane daidai ƙugu, kwalaben barkono da garin kuɓewa a sama. Bango ɗaya ne kawai zai ɗauki doguwar kantar da nake so, kuma a jikinsa nafaj yake, wato 'yar ƙofar nan da ake hudawa tsakanin gida da gida, don mata su riƙa miƙa wa juna wuta da gishiri ba sai sun fita titi ba.

Na ce za a toshe, ta ce in bar mata. Na nemi dalili, ta ce ta nan take shiga shan gahawa wurin maƙwabciyarta. Na yi mata dariya, na ce zagayawa ta titi ba zai cinye mata ƙafa ba, dama ƙibar ta fara yawa. Ta sake roƙona, murya ƙasa ƙasa, idonta a kan ƙofar. Ni kuwa na hau faɗa, na ce mutum ya bar aikinsa ya zo yi mata alheri tana kawo masa zancen gahawa. Daga nan ta ƙyale ni. Na kafa kantar, na ɗaure ta da bango gam, na jera buhu shida a kai. Har hoto na ɗauka ina nuna wa abokan aiki.

Bayan girbi, wata rana da la'asar, maƙwabciyar ta kira ni a waya. Ban ji abin da take faɗa ba, ihun da ke bayanta na ji, kuma na san muryar. Yadda na isa gidan ban sani ba.

Mijin yayata ne ya biyo ta da muciya daga tsakar gida. Ƙafarta ta kai ta inda ta saba, ta faɗa ɗakin girki a guje, ta yi karo da ƙarfena. A nan ya ritsa ta. Maƙwabciyar tana can ɗaya gefen tana dukan ƙofar da taɓarya, ƙofar ko motsi. Na tarar da yayata a durƙushe cikin dawar da ta zube, hannunta na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa, goshinta a fashe. Akwai jini a bakin kantar, daidai kusurwar da na yi ƙyuyar gogewa.

Shi kuwa yana gindin randa yana wanke hannu. Na shaƙo wuyan rigarsa na buga shi da ƙasa, na hau ruwan cikinsa ina naushi har na ji haƙori ya tsaga mini yatsa. Maza uku ne suka ɓamɓare ni. Ban yi nadama ba har yau, amma na san rabin dukan nan kaina ya kamata in yi wa.

A asibiti maƙwabciyar ta gaya mini cewa shekara tara ke nan yana dukan yayata. Da ya fara, sai yayata ta faɗo ta nafaj, ta zauna a ɗakinta har ya huce. Duk layin sun sani, ni kaɗai ne ban sani ba, ni da na auna kowane lungu na ɗakin.

Na kai yayata gidana da 'ya'yanta har aka kwance ɗorin. Dattawa suka yi ta zarya, mijin ya rantse ba zai sake ba, ta ce za ta koma. Na yi faɗa, na yi lallashi, har kuka na yi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in je in cire kantar. Na ce ko ba ta faɗa ba sai na yanka ta gunduwa gunduwa.

"Kwayyis, ya yi kyau," in ji ta. "Kuma ka sa mini sakata mai ƙarfi, ɗan'uwana. Amma ta ɓangaren maƙwabta za ka sa, yadda in na wuce zan kulle."

Na tsaya ina kallonta, ita kuma tana gyara mayafi da hannun hagu.

Washegari na yanke kantar, buhunan suka koma ƙasa wurin ɓerayensu. Na zaɓi ƙarfe mafi kauri a shagona na ƙera sakatar, na goge ta sumul, na sa mata mai don kada ta cije wa mai hannu ɗaya. Na gwada ta sau ashirin, tana shiga da yatsa guda. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarta ba, kuma ita ban ɗauke ta hoto ba.