Ranar da Kumurci Ya Tofa wa Tabarauna

Ko tsufa ya sa na manta sunan kakata, ba ni mantawa da wata Laraba bayan kaka, sa'ad da nika dako a wani siton hatsi nan Tambuwal. Ku sabbin shiga, ku buɗe kunne.

Mai riƙe da makullin sito shi ne Malam Bello. Ƙarƙashinai akwai helma, Baba Ɗanjabo, mai raba muna aiki. Can ƙasa sai mu 'yan dako. Ni kuwa ina da wani baƙin tabarau da nis sawo kasuwar Sanyinna, ko cikin duhun sito ba ni cire shi. Malam Bello ya tsane shi. Safiyar nan yac ce in ya ƙara ganinai ga fuskata, in aje aiki in tafi in zama ɗan fim. Nic ce to, nis sa aljihu. Yana ba da baya nim mayar.

Anka ce mu kwashe buhunan gero na lungu, inda ɓeraye sunka yi gari. Baba ya sha gaya muna, inda ɓera ya yi yawa kumurci na kusa, don tuwonsa ke nan. Ina ɗaga buhun ƙarshe sai ga mutumin, baƙi wuluk, ya miƙe ya baje wuya kamar ludayi. Shi wanga ba ya jiran ka iso shi. Daga taku biyu yake feso dafi, kuma ido yake nema. Kafin in ja salati, na ji feshi bisa gilashi.

Baba yaj ja ni waje, ya hana ni murza fuska, ya yi ta kwarara man ruwan buta. Yac ce ga lafiyayyar fata dafin ba ya komi, amma ido har makanta. Macijin kuwa ya bi rami abinai, dama tsoro ne ya sa shi tofi.

Sai ga Malam Bello. Ga ni jiƙe sharkaf, ga tabarau hannun Baba, ba damar ƙarya. Nic ce a raina aiki ya tafi. Malam Bello ya daɗe yana kallon dafin na gangarowa ga gilashin, sannan yak kira sunana.

"Lawali, ina aka samun irinai?"

"Ranka ya daɗe, ai na 'yan fim ne."

"Ranar kasuwa ka sawo guda shida. Har da nawa."

Abu biyu na koya. Sanda ke fara shiga lungu kafin hannu. Kuma babba ba ya ce maka ka yi gaskiya, sai dai ya aike ka kasuwa.