Baba Mai Indararo Ya Ajiye Tsani

Da hantsi za ka gan shi, tsani a kafaɗa, almakashin yankan kwano a aljihu, yana bin gidaje yana ɗaga kai sama. In ya ga ganye ya toshe indararo, sai ya jingina tsani ya hau ya kwashe, sannan ya sauko ya yi sallama. Shekara ashirin da shida yana haka, sai watan jiya da likita ya duba gwiwoyinsa ya hana shi hawa. Baba Mai Indararo muke ce masa, har jikokinsa.

Unguwarmu a kan tudu take, can gaba da inda bututun famfo ya ƙare. Sau uku ana haƙa rijiya, sau uku ana cin karo da dutse. Masu burtsatse ma sun zo da injinsu, bayan kwana huɗu suka naɗe kayansu. Mata kan yi tafiyar awa guda zuwa rafi, su dawo da ruwa kamar an dama ƙasa. A haka Baba ya same mu. Maƙerin kwano ne, bokiti da mazurari yake yi. Shi ya fara ce mana, "Kuna ta tonon ƙasa, ga ruwa na zuba a kan rufinku wata biyar kuna kallo."

Da gidansa ya fara. Ya lanƙwasa kwano ya zagaye rufin da indararo, ya ja bututu zuwa tankin siminti mai murfi, ya ɗaura raga a bakinsa saboda sauro. Da rani ya yi nisa aka ga matarsa ta daina zuwa rafi, masu yi masa dariya suka koma masu tambaya.

Ni malamar makaranta ce, kuma na taɓa yin cacar baki da shi. Shekarar da ya gina tankin gidanmu, ruwan farko ya sauko, na fito da murnata, sai na tarar ya zare bututun, ruwa na malala a ƙasa.

Na ce, "Baba, lafiya kuwa? Wata bakwai fa muna jira!"

Ya ce, "Malama, kin taɓa hawa rufin nan?"

"Me zai kai ni?"

"To ni na hau. Kashin tsuntsu ne fal, da mushen ƙadangare biyu. In romonsu kike marmari, yanzu in mayar da bututun."

Tun daga ranar nake barin ruwan farko ya wanke rufi. Shi ne kuma ya koya mana jera tsakuwa da yashi da gawayi a cikin duro don tace ruwa, yana ta nanata cewa na jarirai sai an tafasa.

Abin da ungozomarmu ba ta gajiya da faɗa shi ne na shekarar da damina ta makara. Tankunan gidaje sun kusa ƙafewa, kowa ya zuba ido a kan babban tankin ɗakin shan magani, inda mata ke haihuwa. Wata safiya Baba na wucewa ya hangi ciyawa kore shar a gindin tankin, alhali ko'ina ya bushe. Ya tsuguna ya taɓa ƙasar, ya kira ungozomar.

"Yaya, tankin nan ya tsage. In aka bar shi, kwana goma ba za ki samu na wanke hannu ba."

Ta ce, "Ina da mata uku a watansu. Yaya za mu yi?"

Bai tsaya dogon bayani ba. Ya bi gida-gida ya tattaro duro goma sha tara, ya sa aka wanke su, ya zura tiyo ya juye ruwan tankin a cikinsu. Sannan ya shiga tankin da kansa, cikin zafin da ko numfashi da ƙyar, ya gano tsagar ya toshe da siminti. Bai bari an mayar da ruwan ba sai da simintin ya kama. Sai bayan wata guda hadari ya haɗu, kuma matan nan uku duk da ruwan tankin aka karɓi haihuwarsu.

Baba, kai ne ka sa 'yan matan ajina suke zuwa makaranta a kan lokaci, ba su fara da rafi ba. Kai ne ba ka ɓoye sana'a ba. Mutum goma sha ɗaya ka koya wa lanƙwasa kwano da ginin tanki, har da surukarka, wadda kake cewa ta fi mazan iya awo. Da aka ce za su ƙwace maka ciniki, cewa ka yi, "Rufin ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Mun gode, Baba. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu karatu, in akwai abin da hannunku ya iya kuma maƙwabta suna bukata, kada ku jira sai an zo an roƙe ku. Ku fara a gidanku yadda za a gani, wanda ya zo tambaya ku ba shi kujera ku nuna masa.