Kafintan da Ya Nema wa Layinmu Shiru

Benci ɗaya muka zauna da Kafinta a makarantar mishan. Ni na bi alli, shi ya bi zarto, ya gaji rumfar mahaifinsa a ƙofar gidansu, cikin tsohuwar unguwarmu mai ƙananan lunguna. Ƙofofinmu, kujerun makaranta, gadajen da aka haifi rabin layin a kansu, duk daga rumfar nan suka fito. Kujerarsa ba ta girgiɗi. Ra'ayinsa ma haka.

Abu ɗaya ya tsana a duniya: injin niƙan maƙwabcinsa. Kullum da safe sai ya leƙa ta kan katanga.

"Kai, Sarkin Ƙara! Kashe abin nan, kunnena zai fashe!"

Mai Inji yakan ɗaga hannu cike da gari ya ce, "Lafiya lau, Baba! Ya iyali?"

Ana nan sai hukumar tsara gari ta aiko wata jami'a, yarinya mai natsuwa, da ƙatuwar taswira. Ta tara mu a ajin firamare ta ce ba za a yanke mana komai daga ofis ba. Mu za mu faɗi layin da zai zama na gidajen kwana, da inda za a gina rumfunan sana'a. Mu tsofaffi maganar magudanar ruwa ce ta kai mu taron. Kafinta kuwa, wanda bai taɓa zama a taro ba, ya ga ranar da ya daɗe yana jira ta zo. Ya bi gida-gida da fensir a bayan kunne, yana yi wa masu jego da marasa lafiya huɗuba a kan amfanin barci.

Ranar yanke shawara ya miƙe tsaye.

"'Yata, layinmu na kwana ne. Duk sana'ar da ke da ƙara a fitar da ita."

"Baba, duka? Ka tabbata?" in ji jami'ar.

Matarsa ta ja gefen rigarsa. "Malam, zauna mana."

"Sake ni, ana maganar gari! Duka, 'yata. Kada a bar ko ɗaya."

Aka ɗaga hannu. Na lura masu jego ne suka riga kowa, kuma ba Mai Inji suke kallo ba.

Da ma'aikata suka zo yin alama a wuraren da za a tasa, Kafinta ya fito da guduma a hannu don ya ba idonsa abinci. Suka shafa jan fenti a ƙofar Mai Inji. Sannan suka tako, suka shafa a ginshiƙin rumfar mahaifinsa.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Sana'a mai ƙara, Baba."

"Ƙara? Wannan ai aiki ne!"

Da gaske yake. Tun yana yaro yake cikin bugun guduma, kunnensa bai taɓa lissafa shi cikin ƙara ba. Matarsa ta ce daga zaure, "Tun da aka kawo ni gidan nan, ka taɓa ganin na yi barcin rana?"

Ya je wurin jami'ar. Ta ba shi kujera, ta ce shawarar jama'a ce, jama'a ne kaɗai za su warware ta. Aka sake kiran taro. Ya yi bayani mai tsawo a kan bambancin guduma da inji. Matan layin suka saurare shi da ladabi, hannuwansu a kan cinya.

An gina sababbin rumfunan a bakin titi, can ƙarshen unguwa. Jama'a sun roƙi kada a raba maƙwabci da maƙwabcinsa, hukuma kuma ta cika alkawari. Tsakanin Kafinta da Mai Inji yanzu falle ɗaya ne na kwano.

Layinmu ya yi tsit, har ina jin agogon bangona, wanda a da ban damu da shi ba domin gudumar farko ce ke gaya mini gari ya waye. Gwiwoyin Kafinta ba sa kai shi bakin titi, saboda haka Mai Inji ne ke ɗaukarsa a babur kowace safiya. Jiya sun wuce ni a ƙofar gida, Kafinta ya riƙe shi gam ta baya yana masifa.

"Wannan babur naka ma ƙara gare shi!"

"Lafiya lau, Baba. Riƙe da kyau, ga rami."