Ragowar Tsiren Baban Walida

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ban ce uffan ba a nan. Masu tambaya ko na koma Kano, ina nan Onitsha. Ciwon dajin hanji na yi.

Da murɗar ciki ya fara, sai jini a bayan gida. Na ce basir ne. Wata huɗu ina shan jiƙe-jiƙe, kunya ta hana ni faɗa wa ko maigidana.

Da ya ga yadda na rame, ya sa ni a mota sai asibiti a Enugu. Aka zura na'ura aka duba hanjin, aka yanki tsoka don gwaji. Sati biyu muka yi muna jiran sakamako.

Likitar ta ce, "Madam, why you wait reach like this?" Wato me ya sa na daɗe haka ban zo ba. Sannan ta tambayi abincinmu.

Maigidana, Baban Walida, mai tsire ne. Shekara goma sha huɗu duk abin da ya yi kwantai gida yake zuwa. Da safe a mai da shi kan garwashi har gefen ya yi baƙi, da shi muke karyawa. Ni ce mai tsince ƙonannen in cinye. Maƙwabta har tsokanata suke, wai gidanmu kullum Sallah.

Likitar ta ce ba za ta rantse nama ne ya jawo ba, amma jan nama kullum, ga ƙuna, babu ganye babu wake, yana ƙara haɗarin. Baban Walida yana zaune a gefena, bai ɗago ba.

Aka yi min aiki, aka fara ƙarin ruwan magani. Keken ɗinkina ya tafi a kuɗin asibiti. Ko warin hayaƙin rigarsa na ji sai amai, don haka a bakin ƙofa yake tsayawa ya gaishe ni.

Tsiren nan shi ke sayen maganina. Shi kuma yarana ke ci kowace safiya, ina kwance ina kallo. In ce a zubar, almubazzaranci ne. In ce a daina kawowa, kamar na ce shi ya sa min ciwo. Na rasa mafita.

Wata safiya 'yarmu Walida ta kai hannu kan ƙonanne. Ban san sanda na buge hannun ba. Ta fashe da kuka, babanta kuma yana tsaye.

Washegari ya dawo daga Kasuwar Ose da wake da ƙunshin ganyen ugu. Ya ce, "Maman Walida, na rage naman da nake sarowa. Gara ya ƙare in ce wa mutane babu."

Hoton ƙarshe da aka yi min a asibiti ya fito lafiya, Alhamdulillahi, amma ina ci gaba da zuwa ana duba ni. Matan unguwa da suka riƙe min yara, Allah ya saka da alheri.

In kun ga jini, ku je asibiti, kada ku yi irin kunyata. Ku ci tsire jefi-jefi, ku yanke baƙin, ku haɗa da ganye.

Mu yanzu sai Juma'a muke cin tsire. Shi yake gasa mana da kansa, yana tsaye a kai kada ya ƙone.