Mai Goyon Ranar Juma'a

Pam bai iya karatu ba, amma duk yaron da ya shiga makarantar nan ta Kabong a shekarun 1950 sai da ya bi ta bayansa. Ɗaukar kwanon kuza a Bukuru ya bar masa kafaɗu kamar turmi, kuma kafaɗun nan Hedimasta Romanus ya gani ya ɗauke shi aiki, ya ba shi ɗaki a bayan aji. A ɗakin yake da matarsa da 'ya'yansa, ba su da wani wajen.

Sunan aikin shara da yankan ciyawa. Ainihinsa kuwa ranar Juma'a ake yi. Sai a jera ɗalibai a fili, a kira masu laifi, Pam ya duƙa ya goya yaro, ya damƙe hannayensa a ƙirji, Hedimasta ya zuba masa tsumagiya. Wani ya yi masa fitsari, wani ya gartsa masa cizo a wuya. Shi dai ya kafa ido a ƙasa, yana jin bugun zuciyar ɗan mutane a gadon bayansa.

Wai tarbiyya ake yi. Ina tarbiyyar? Wanda aka zane da safe shi ke fasa wa ƙaramin yaro baki da yamma. In an tashi daga makaranta, jifa ake yi da duwatsu har jini ya zuba. Pam kansa yara sun sa masa Jakin Hedimasta, suna laɓewa bayan shinge su auna ƙeyarsa. Abin yana ci masa rai, amma in ya tuna ɗakin sai ya haɗiye.

Wata Juma'a aka kira Ulonma, 'yar mai sayar da garin rogo, 'yar ficiciya da ita, laifinta makara. Pam ya goya ta, ko nauyi bai ji ba. Da bulala ta sauka ta kafa masa haƙora a kafaɗa. Ana cikin duka sai ya ji haƙoran sun saki, kanta ya langaɓe.

"Oga," in ji Pam da guntuwar Hausarsa, "yarinya ya suma."

"Ƙarya take yi. Riƙe ta da kyau."

Tsumagiya ta sake tashi. Pam ya juya. Ta sauka a fuskarsa, ta tsaga gira, ta fasa idon hagu. Hedimasta ya ga lebura ya kunyata shi a gaban ɗalibai, sai ya rufe shi da duka, a kai, a wuya, a ƙirji, har tsumagiyar ta tarwatse. Pam bai ɗaga hannu ba, don in ya saki yarinyar za ta faɗi a kan dutse.

Fili ya yamutse. Manyan yara suka duƙa suka cika hannu da duwatsu, suka yi wa Hedimasta zobe. Waɗannan fa sun iya jifa, a ƙeyar Pam suka koya. Da an bar su, gawa za a ɗauka.

Pam ya taka ya tsaya a gaban Hedimasta, jini na bin haɓarsa.

"Wanda ya jefa shi, ni ya jefa," ya ce. "Duka ya isa. Ku ajiye."

Can dutse ya faɗi ƙasa, wani ya biyo, har hannaye suka zama wayam.

Ulonma ta farfaɗo. Kafin yamma an watso wa Pam kayansa waje. Aka nemi wani mai goyon, duk Kabong ba a samu ba, iyaye ma suka ce sam. Pam ya kafa tallan rake a gindin bishiyar ƙofar makaranta, kuma nan rigimar yara ta koma. Masu faɗa su zo su tsaya gabansa, kowa ya faɗi nasa, su kalli idon da ya mutu, kunya ta ishe su. Jifa ya ragu har ya zama labari.

Ya tsufa a gindin bishiyar nan, yara na kiransa Baba. Sai dai in jikarsa ta zo da gudu ta ɗare bayansa, yakan sauke ta a hankali ya zaunar da ita a cinya. Har ya mutu bai ƙara goya yaro ba.