Sai-Na-Ji Ya Ajiye Sifana

Kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share gaban garejinsa, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tsohon buhu ya jera sifanoninsa daga ƙarama zuwa babba. Garejin ba wani abin a zo a gani ba ne, rumfar kwano ce da ɗaki ɗaya a bayanta. A ɗakin akwai gwangwanayen madara cike da notuna jiƙe cikin kananzir, ga salansa da wayoyin kuloci rataye a bango, ga injuna a kan benci an lulluɓe kowanne da tsumma. Idan ya kintsa sai ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar babur da ya kafa a kan kututture, ya sha shayinsa yana jiran wanda zai fara turo matsalarsa.

Kowa Sai-Na-Ji yake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka zo a fusace ka ce masa fulogi ne, ko kafireto ne, zai dube ka ya ce, “Sai na ji.” Sai ya tayar da babur ya sunkuya, ya rufe ido, kai kana tsaye kana zufa shi yana sauraro. Baburan ƙirar Italiya kaɗai yake taɓawa, musamman tsofaffin nan masu faɗin ƙugu da mutum ke shiga ya zauna ya haɗa ƙafafu a gaba. In ka kawo masa wani iri, zai gaishe ka har da tambayar mutan gida, sannan ya nuna maka garejin maƙwabcinsa.

Yanzu ga shi zai rufe. Hannunsa ya fara rawa, noti yana kuɓuce masa, 'yarsa kuma ta dage sai ya koma wajenta ya huta. Ni ba na hawa babur, ban san bambancin fistin da kaskon suya ba sai bara. Amma na san abin da mutumin nan ya yi wa gidanmu, kuma ba zan bari ya sulale a yi shiru ba.

Mahaifina tela ne. Tun yana yaro ciwo ya shanye masa ƙafar hagu, da sanda yake tafiya, ita ma ba nisa. Ba ya iya ɗaga ƙafa ya haye irin baburan da suka cika gari, ba ya kuma iya taka giya. Babur ɗin Italiya ne ya raba masa gardama: giyarsa a hannu take, birki da kik duk a dama, sandarsa kuma ta kwanta a gabansa. Da shi ya yi neman aure, da shi ya kai mu makaranta, da shi yake zuwa shago kullum. Ba a goya Baba. Ko ka yi masa tayi don kirki, abin da za ka ji shi ne, “Ni buhun hatsi ne da za a ɗora ni a baya?”

Bara maigidana ya ari babur ɗin zai kai saƙo. Mutum ne mai son ya burge surukinsa, don haka ya wanke shi tas, ya biya gidan mai ya cika tanki har wuya, ya dawo da shi bai ce komai ba, wai sai Baba ya gani da kansa ya yi murna. Abin da bai sani ba, tsofaffin baburan nan ba sa shan fetur zalla. Sai an gauraya musu da man inji a cikin tanki, shi ke shafe cikinsu, in babu shi ƙarfe ya ci ƙarfe. Shi kuwa duk baburan da ya taɓa hawa na zamani ne, masu wurin mai daban. Washegari Baba na tsakiyar titi inji ya yi wata ƙara ya ƙame. Allah ya tsare bai faɗi ba, masu wucewa suka tura masa shi har gareji.

Ni da maigidana muka tarar da su a can. Ranar babu abin saurare, don kik ɗin ma ya ƙi motsi. Sai-Na-Ji ya buɗe tanki ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya ɗago ya dubi Baba, ya dubi maigidana da ya riga ya sha jinin jikinsa.

“Wa ya zuba mai?” in ji Baba.

Maigidana ya buɗe baki, Sai-Na-Ji ya riga shi. “Tela, wanda ya cika maka tanki har wuya ai ba maƙiyinka ba ne. Ni tunda nake da kai ban taɓa ganin ka wuce rabi ba.”

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Maigidana dai ya faɗi gaskiya a wurin, Baba ya ce ba komai. Amma akwai komai. Da aka buɗe inji, fistin ya narke ya manne, silindar da yake kai da komo a cikinta ta karce ta yadda ba ta gyaruwa. Irin wannan ƙirar kuma an daɗe da daina kawo kayanta.

Nan Yayanmu ya samu abin da ya daɗe yana nema. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kullum gani yake za a kira shi a ce mota ta kwashe Baba. Ya ce a sayar wa 'yan gwangwan babur ɗin, a rufe shago, Baba ya zauna gida a kula da shi. Baba bai yi musu ba, kuma rashin musun ne ya tayar mini da hankali. Mutumin da ba ya iya rufe baki ya koma zama a ƙofar ɗaki yana kallon kaji. Masu ɗinki suka fara zuwa karɓar yadinsu. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga idan babur ɗin nan bai tashi ba, shi ma Baba ba zai ƙara tashi ba.

Sai-Na-Ji ya roƙi Yaya ya ɗaga masa ƙafa, ya shiga neman fistin da silinda ruwa a jallo. Ya kira dillalan kayan gyara na nesa da na kusa. Wani ya aiko da fistin a kwali mai kyau, Sai-Na-Ji ya ɗaga shi a tafin hannu, ya gwada, ya mayar masa da abinsa ya ce jabu ne. Ya bi 'yan gwangwan yana tona tulin ƙarafa da wannan hannun nasa mai rawa. Mai walda na kusa da shi ya ba ni labari cewa har garejin ya riƙa rufewa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba ko da zazzaɓi.

Wata safiya Sai-Na-Ji ya aiko in raka shi wani gida. A hanya ya gaya mini gidan wani abokin cinikinsa ne da ya rasu, ma'aikacin gidan waya, mai babur irin na Baba sak. Matarsa ta ajiye shi a ɗakin shiga gida, ta rufe da zanin gado, ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba na sayarwa ba ne. A bakinta na ji sauran. Ashe tun rasuwar mijin, lokaci-lokaci Sai-Na-Ji yakan zo ya cire fulogi, ya ɗiga mai, ya taka kik a hankali don kada injin ya yi tsatsa, ya mayar da zanin ya tafi. Ba wanda ya sa shi, ko ruwa ba ya tsayawa sha.

“Hajiya,” ya ce bayan sun gaisa, “yau da roƙo na zo. Amma ki sani, ban riƙa zuba man nan don wata rana in roƙe ki ba. In kin ce a'a, zan ci gaba da zuwa kamar da.”

Ya gaya mata halin da Baba ke ciki, bai ƙara gishiri ba. Ta kai hannu ta shafa zanin.

“Kai ma ka san ba ƙarfen nake riƙo ba,” ta ce. “Da yamma in ina tsakar gida, tun daga bakin layi nake jin tafiyarsa, in tashi in ɗora ruwa. Babura dubu su wuce, nasa daban ne. Yanzu in ka kwashe cikinsa, me ya rage mini?”

“Jikin zai zauna nan yadda yake, ko fenti ba zan karce ba. Abin da nake roƙo shi ne abin da ke yin ƙarar, kuma a ƙarƙashin zani ba zai ƙara yinta ba.”

Ta juya ta dube ni. “Ke ce 'yar telan?” Na ce ni ce. “Yana cin abinci?” Na ce kaɗan. Ta miƙe ta yaye zanin da hannunta, ta shige ciki ba ta tsaya kallon kwancewa ba. Ko kwabo ta ƙi karɓa, ta ce kada a sake a yi mata zancen.

Saura haɗawa, kuma a nan ne na ga abin da har gobe nake jinjina masa. Sa zoben fistin aiki ne na hannu mai natsuwa, zobe siriri ne, ka matsa da yawa ya karye, kuma babu wani a ajiye. Sai-Na-Ji ya ɗauka, yatsunsa suka hau rawa. Ya ajiye. Akwai makanikai a layin da za su zo da gudu in ya kira, amma sai ya aika a kira masa maigidana. Bawan Allah tun ranar da abin ya faru ba ya iya haɗa ido da Baba, gaisuwa ma daga bakin ƙofa yake yi.

“Wanke hannunka ka zauna,” in ji Sai-Na-Ji.

“Kawu, ni? Ni da na kashe shi?”

“To wa kake so ya tashe shi, ni da hannuna ke kiɗa ba ganga? Kama nan. A hankali, ba igiyar rijiya kake ja ba.”

Suka wuni a kai, tsoho na faɗa, maigidana na yi, zufa na ɗiga daga hancinsa. Da aka gama, Sai-Na-Ji ya sa shi ya auna mai ya gauraya a gabansa, sannan aka ɗauko Baba a mota. Baba ya jingina sandarsa, ya taka kik, shiru. Ya ƙara, ya yi tari. A na gaba ya kama, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, mai walda ya yi ihu kamar nasa ne. Baba ya shiga ya zauna, ya dubi surukinsa da ke baƙi ƙirin da mai har gwiwar hannu ya ce, “Gobe ka zo ka karɓi wandonka, ya daɗe a shago.” Yaya na tsaye a gefe, bai ƙara tayar da zancen 'yan gwangwan ba.

Sai-Na-Ji ya kafa wa Baba sharaɗi guda, cewa in ya tashi daga shago ya riƙa biyowa ta layin Hajiya, ko da zagaye ne. Ranar farko Baba ya ga ta fito bakin ƙofa, sai ya danna mata oda don girmamawa. Washegari ta aiko masa da saƙo: “A gaya wa Tela nawa ba ya oda. Ya wuce kawai, ina ji.”

Kawu Sai-Na-Ji, kai ne ka ga mutum a inda wasu suka ga tsohon ƙarfe. Kai ne ka rufa wa surukin gida asiri a gaban surukinsa, ka kuma ba shi hanyar ɗaga kai ba tare da wa'azi ba. Ka yi shekaru kana shiga gidan marigayi da ɗan gwangwanin mai, ba wanda ya sani, ba wanda ya gode. Likitan masu faɗin ƙugu, mai jin ciwon da mai shi bai iya faɗa ba. Ban ɓoye ba, raina bai so tafiyarka ba, kuma na san akwai tsofaffi da yawa a garin nan da ke kallon baburansu suna tunanin wa za su kai wa. Ka ce ka bar wa maƙwabcinka injunan kan benci da gwangwanayen notuna, ka kuma yi wa maigidana izinin ya kira ka a waya ya kara ta a jikin inji. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sassauta wa hannuwan nan, ya ba ka hutu mai daɗi a gidan 'yarka.

Ku kuma masu sana'a, ƙanana da manya, kafin ku ce wa mutum abinsa ya mutu a zubar, ku tambaye shi me abin yake yi masa. Masu irin wannan dattijo a layinsu kuma su je su zauna kusa da shi tun garejin na buɗe, su koyi hali ko ba su koyi sifana ba.

Ɗazu na biya gida in gaishe da Baba, na tarar ba ya nan. Inna ta ce ya fita shago tun da safe, kuma bai jira kowa ya kai shi ba.