Karnukan Summerfield Da Ba Su Taɓa Taka Ciyawa Ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Glenwood ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da mahaifiyata da wata dattijuwar Baturiya maƙwabciyarmu. Mama ta zo daga Katsina ne don jegona, kuma tun zuwanta ba ta leƙa ko'ina ba sai masallaci da kanti. Ita maƙwabciyar tamu tsohuwar nas ce, ita kaɗai take zaune, ita ce ma ta kai ni asibiti ranar da naƙuda ta kama ni maigidana yana wurin aiki. Don haka da ta roƙe ni in kai ta Summerfield ta ɗauko kare, saboda idonta ya yi rauni ba ta tuƙi mai nisa, ban iya ce mata a'a ba. Na bar wa maigida jaririya. Mama ta ce za ta bi mu ta ga ƙauyen Turawa, da sharaɗin ita a gaba, kare can baya.

Unguwar tsit, ɗaliban jami'a da suka cika ta duk suna barci, sai kekunansu ɗaure a baranda. Muka tsaya shan mai, na tarar an ƙara kuɗi kan na makon jiya. Mama tana ta jiran mai zubawa ya fito, sai ta ga ni na kama tiyo da kaina. Maƙwabciya ta sayo mana wani burodi mai laushi da suke kira biskit, an tsaga an sa ƙwai. Mama ta gutsira ta ce gishiri ya yi yawa, ta fito da fankenta da fulas ɗin shayi.

Muna fita gari gidaje suka fara nisa da juna. Filaye kore shar, fararen shingaye, dawakai suna kiwo babu turke. A nan dattijuwar ta shiga ba mu labarin irin karen da za ta ɗauka, ina fassara wa Mama. Bigul ake ce musu. Daga Ingila suka fito, inda ake farautar zomo da su garke guda, kuma an so su gajeru ne don maharbi ya iya bin su a ƙafa. Kunnuwansu lafta-lafta, ƙarshen wutsiyarsu fari don a hango su cikin dogon haki. In hancinsu ya kama ƙanshi, duk yadda ka kira su ba za su waiwayo ba. Ga kwaɗayi, ga kuka mai tsawo kamar busa. Ta ce su ne ake sawa su sansana kayan matafiya a filin jirgi. Mama ta tafa hannu ta ce ashe irinsa ne ya zauna kan jakar wata Hajiya ranar da suka sauka, har aka karɓe mata kilishi. Muka yi ta dariya. Dariyarmu ta ƙarshe ke nan a ranar.

Inda muka je gona ce ta wata mata mai karɓar dabbobin da ba su da gata. Bayan duk abin da aka faɗa mini, na zaci tun daga bakin hanya zan ji haushi. Shiru muka tarar. An jera kejuna a kan ciyawa, ƙofofinsu a buɗe, amma babu karen da ya fito. Mai gonar ta ce daga wani ɗakin gwajin magunguna a wata jiha aka kawo su, an gama amfani da su. A keji aka haife su, a keji suka girma. Ta ɗaga kunnen guda ta nuna mana lamba da aka zana masa a fata, ita ce sunansa.

Na tambaye ta me ya sa irin wannan ake zaɓa. Ta ce, "Saboda ba sa cizo. Ko an ji musu ciwo, gobe in ka dawo za su kaɗa maka wutsiya."

Can sai ɗaya ya ziro ƙafa ya taɓa ciyawa, ya janye da sauri kamar ya taka garwashi. Tsohon bigul ɗin mai gonar, wani ƙato da ya ƙoshi, ya ɗaga kai ya saki kukansu na gado. Na kejin ma ya ɗaga kai, ya buɗe baki, amma iska kawai ta fito. Wasu daga cikinsu an yanke musu murya don kada su dami ma'aikata. Da na fassara wa Mama, salati kawai ta yi, ta ja mayafinta ta toshe baki.

Ni kuwa jikina ya yi sanyi ta wata fuskar. Haɗa magunguna nake karanta a jami'a. Sau nawa na wuce layin da ke cewa an gwada magani a kan karnuka, ban taɓa tsayawa a kansa ba.

Maƙwabciyarmu ta zauna kan wani damin ciyawa. Ta ce ba ta zaci abin ya kai haka ba, ta tsufa, ba za ta iya da dabbar da aka karya wa zuciya ba, mu koma kawai. Mai gonar ba ta matsa mata ba, ta dai ce wurinta ya cika, waɗanda ba a ɗauka ba ba ta san inda za su ƙare ba. Na juya zan buɗe mota sai Mama ta riƙo hannuna.

"Ki ce mata ta ɗauki wancan da ke makyarkyata a ƙuryar keji. Masu ƙarfin za su samu mai so, shi ba zai samu ba."

Na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon Mama, sannan ta miƙe ta nufi kejin.

A hanyar dawowa karen ko motsi bai yi ba. Da muka iso na taya ta shigar da kejin kicin ɗinta. Ba na son taɓa kare da hannuna, don haka na zura shuɗiyar safar roba irin wadda muke sawa a lab, ɗakin gwajinmu na jami'a, akwai su a motata. Karen da ya ƙi fitowa tun safe yana ganin safar sai ya fito a hankali, ya zo gabana ya zauna, ya miƙo mini ƙafarsa ta gaba, ya kawar da kai gefe. Ban gane ba, na zaci gaisuwa ce aka koya masa. Tsohuwar nas ce ta gane, ta ce:

"Jira yake ki ɗebi jininsa."

Na tuɓe safar na cusa a aljihu, na fito waje na tsaya jikin mota har hawayena suka tsaya.

Tafiyar ba ta da nisa, kafin azahar muna gida, amma har yau ban gama dawowa daga cikinta ba. Ba zan bar karatuna ba, na san maganin da ya cece ni a ɗakin haihuwa ma ta irin wannan hanya ya biyo. Abin da na koya shi ne, akwai halittar da haƙurinta ne ya sa aka fi cutar da ita, kuma ba ta da bakin kai ƙara sai wurin Wanda ya yi ta. Ranar Litinin da na shiga lab na buɗe kwalin safa, na daɗe a tsaye kafin in iya zura hannuna.